Littafi, Waya ko Kwamfuta: Da Wanne Ya Kamata Ka Riƙe Lissafin Shagonka?

Idan jari ya fara kauri, akwai lokacin da ƙwaƙwalwa ke gaza riƙe lissafi. Masu ɗaukar kaya bashi sun ƙaru, yaron shago ya zama biyu, wani ya biya da tsaba wani ya yi tiransifa, kuɗin cefane kuma daga durowar ciniki ake zararsu kullum da safe. Kasuwa na ci, amma a tambayi maigida nawa ya samu riba a watan jiya, sai ka ji ya ce "Alhamdulillahi" kawai, domin shi ma bai sani ba. A nan ne masu shawara ke yawa. Ɗansa da ya yi boko zai ce a sauke manhaja a waya, maƙwabcinsa zai nuna masa kwamfutar da ya girka, dattijon layi kuma zai ce shi shekara da shekaru littafi ne ya riƙe shi.

Wasu ma kunya ce ke hana su farawa, kada ɗan'uwa ko aboki ya ga an buɗe littafi a gabansa ya ce ba a yarda da shi ba. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take: a rubuta shi, ƙarami ne ko babba, da ajalinsa, a kuma kafa shaidu. Cinikin hannu da hannu ne aka yi sassauci a kansa. Saboda haka rubutun ba abin kunya ba ne. Abin da ya rage shi ne a ina za a rubuta.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko kuɗi, kuma ba na ranar saye kaɗai ba: har da data, caji, kuɗin wata-wata, gyara, da lokacin wanda zai zauna ya riƙa shigar da lissafin. Na biyu karko, wato ko bayanin yau zai kai shekara biyar ana iya karanta shi, bayan wuta da ruwa da gara da ɓarawo duk sun gwada sa'arsu. Na uku sauƙi. Kada ka auna sauƙi da ranar da babu ciniki. Auna shi da jajiberin sallah, mutum goma a tsaye kowa na miƙo hannu. Na huɗu haɗari: wa zai iya goge adadi ko ya canza shi ba tare da an gane ba?

Akwai na biyar wanda a wurina ya fi sauran nauyi. Shin wanda ba kai ba zai iya ɗaukar lissafin nan ya fahimta? Ma'aikacin banki idan ka je neman jari, alƙali idan rigima ta kai kotu, abokin haɗin gwiwa ranar rabon riba, da magada ranar da ba ka nan. A shari'a sai an biya bashin mamaci kafin a raba gado, kuma gidaje nawa ne zumunci ya lalace a cikinsu saboda maigida ya tafi da lissafinsa a ka, masu binsa suka zo, waɗanda yake bi suka yi shiru.

Riƙewa a ka, da dogaro da alat ɗin banki

Wannan ba tsari ba ne, amma dole a ambace shi domin shi mafi yawan mutane ke kai. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, ƙananan 'yan kasuwa suka rungumi tiransifa da na'urar POS ta irin su Moniepoint da OPay da PalmPay, har wasu suka ɗauka bayanan asusun ya ishe su lissafi. Bai isa ba. Bayanin asusu zai nuna maka kuɗi sun shigo, amma ba zai gaya maka na wane kaya ba ne, ko na ciniki ne ko biyan tsohon bashi ko zubin adashi. Bai san tsabar da aka karɓa a hannu ba, bai san kayan da suka fita bashi ba. Ɗan rasit ɗin da POS ke fitarwa kuma, takardarsa da zafi ake buga ta, wata kaɗan rubutun ya dushe, balle a zafin Sakkwato ko Maiduguri. Kyauta ne, ba wahala, amma ranar da aka yi gardama ba ka da abin nunawa.

Littafi da biro

A fannin kuɗi babu wanda ya kai shi araha. Littattafai masu kaurin bango guda uku, littafin rasit mai kabon, biro da kalkuleta. Ba ya neman wuta, ba ya neman sabis, ba ya neman Turanci. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, kamar yadda fatake suka yi tun kafin zuwan Bature. Abin lura kawai shi ne a samu wani a gida ko a shago da zai iya karanta hannun.

Amma littafi ba ya zama tsari sai an ba shi ƙa'ida, kuma nan ne ake yin sakaci. Mutum ya haɗa ciniki da bashi da lambar wayar direba da lissafin bikin ƙanwarsa a littafi ɗaya, sannan ya ce littafi ba ya aiki. Raba su uku. Na farko na cinikin kullum: kwanan wata a sama, me aka sayar, nawa, tsaba ce ko tiransifa, sai abin da aka kashe a ɗaya gefen. Na biyu na bashi, kowane mutum da shafinsa, abin da ya ɗauka, ranar da ya yi alkawari, abin da ya biya, da sa hannunsa ko dangwalen yatsa. Na uku na sito: me ya shigo, daga wa, a kan nawa, me ya fita zuwa shago.

A sa wa shafuka lamba tun ranar farko, domin idan an yage ɗaya a gane. Da biro ake rubutu, ba fensir ba. Idan an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon, a rubuta daidai a gefe. Sai ƙa'idar da ta fi ci wa masu shago rai: abin da maigida ya zara shi ma a rubuta. Naira dubu biyar ta cefane, dubu biyu ta mai, dubu goma ta gudummawar suna. Idan ba a rubuta su ba, ƙarshen wata kuɗi za su gaza, kuma yaron shago za a fara kallo, alhali hannun maigida ne.

Ta fuskar maguɗi, littafi ya fi yadda ake zato. Gyaran biro yana barin tabo, shafin da aka yage yana barin giɓi a lamba, kwafin kabon yana nan ko da mai saye ya tafi da nasa. Inda yake da rauni shi ne karko, domin kwafi ɗaya ne tak. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna cikin dare ɗaya, ambaliyar Agustan 2022 kuma ta shiga shagunan Kantin Kwari. Duk wanda littafin bashinsa ke cikin durowa a irin wannan rana, asara biyu ya yi: hajar da ke ciki, da kuɗin da ke hannun mutane a waje. Maganin wannan ba tsada: kowace yamma bayan an rufe lissafi a ɗauki hoton shafin a tura wa wani amintacce ta WhatsApp, ko a ajiye a Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Littafin bashi kuma ya riƙa kwana a gida.

Rauni na biyu shi ne littafi ba ya yin tunani. Zai adana maka adadi, amma sai ka zauna da kalkuleta kafin ka san wane kaya ne ke tafiya, wanne ya kwanta. Ga mai haja iri ashirin ko talatin wannan aikin awa ɗaya ne ranar Juma'a da safe. Ga mai haja iri ɗari biyar, ba zai yiwu ba.

Manhajar waya

Ita ce ta fi jan hankali yanzu, kuma da dalili. Ka shigar da ciniki, ita ta haɗa jimilla, ta rage daga kayan sito, ta nuna maka wa ke da bashi da tun yaushe, wasu ma su tura wa mai bashi saƙon tuni. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin taimako ba ne ga mai jin nauyin baki, tunda bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma tambayarsa ta fi ba da shi wuya. Akwai waɗanda asalinsu kyauta ne, kamar Loyverse, sai ƙarin ayyuka ake biya. Akwai irin su QuickBooks da Zoho Books da ake biya duk wata. A lura da duk wadda farashinta ke bin dala. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya shiga da lissafin farko ya tarar kuɗin wata ya ninka sau uku, shagonsa kuwa bai ninka ba.

Sauƙinta ya danganta da mai riƙe wayar. Mafi yawansu da Turanci suke, kuma aikin farko na shigar da sunan kowane kaya da farashinsa yana da gajiyarwa. A nan mutane da dama ke watsarwa. Sannan a ranar cunkoso rubutu da biro ya fi latsa waya sauri, sai a ce "bari anjima na shigar," anjiman kuma ba ta zuwa. Manhajar da aka shigar wa rabin ciniki ta fi rashinta illa, domin za ta ba ka adadin ƙarya cikin tsari mai kyau, kai kuma ka yarda.

A karko tana da fuska biyu. Idan bayanan na hawa intanet, ko an ƙwace wayar, wanda ba baƙon abu ba ne a biranenmu, sai ka sayi wata ka shiga da lambar sirrinka ka tarar da komai. Wuta da gara ba su da iko a kai. Amma kuma bayananka na hannun kamfanin da ba ka san ofishinsa ba. An yi manhajojin rubuta bashi da suka yi tashe a Najeriya 'yan shekarun nan, daga baya masu su suka daina aiki. Sai matsalar sabis: a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, aka kuma yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mai manhajar da ba ta buɗewa sai da data, a irin wannan lokaci ko sunan masu bashinsa ba zai gani ba.

Don haka kafin ka zuba lissafinka a kowace manhaja, nemi amsar abu uku. Tana aiki idan babu sabis? Za ka iya fitar da bayananka duka a fayil na Excel ko PDF ka ajiye a wurinka? Yaron shago zai iya goge cinikin da ya shigar ba tare da ta nuna maka ba? Idan amsar ta biyu a'a ce, bar ta ko da kyauta ce. Ta ukun kuma sau da yawa sai a ɓangaren da ake biya ake samun kariyarta.

Excel ko Google Sheets

Wannan na tsakiya ne: manhajojin jadawalin lissafi ne da kake cikewa da kanka. Google Sheets kyauta ne, Excel na biya, kuma dukkansu suna buɗewa a waya, ko da yake aiki da su a ƙaramin allo azaba ce. Sun fi daɗi a kwamfuta. Alfanunsu shi ne kai ka tsara su yadda sana'arka take. Mai atamfa ya yi lissafi da turmi da dila, mai hatsi da buhu da tiya, ba wata manhajar da aka ƙera don kantin Amurka da za ta tilasta masa nata ma'auni. Fayil ɗin naka ne, kuma duk akanta ko ma'aikacin banki ya san yadda ake karanta shi. Google Sheets na ajiye tarihin gyara, za ka ga wa ya taɓa me da kuma yaushe.

Inda ya fi amfani shi ne lokacin tashin farashi. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari, kuma a irin wannan yanayi ne mutum ke sayar da katan ɗin da ya saro a dubu 20 a kan dubu 23 yana murnar riba, ya koma wurin sari ya tarar ya zama dubu 24. Jadawalin da ke da gurbin farashin sari na yau yana nuna wannan nan take.

Matsalarsa ita ce yawanci mutum ɗaya ne ya iya shi, ɗan maigida ko wani ƙane. Ranar da ya tafi makaranta ko bautar ƙasa, lissafi ya tsaya. Kuma kuskure ɗaya a ƙa'idar haɗa jimilla zai iya yin watanni yana ba da adadin da ba daidai ba babu wanda ya lura. Ba a yin ciniki kai tsaye a cikinsa. A rubuta a littafi da rana, a kwashe zuwa jadawali da dare ko ƙarshen mako.

Kwamfutar kanti da akanta

Irin wadda ake gani a manyan kantuna da kemis: kwamfuta, na'urar karanta lambar jikin kaya, firinta, da durowar da ba ta buɗewa sai an buga ciniki. Ita ce mafi tsada nesa ba kusa ba, domin bayan kayan akwai sola ko janareta, da mai girkawa, da mai zuwa gyara. Idan an girka ta daidai, ta fi kowa toshe ɓaraka: kowane ma'aikaci da lambarsa, kowane ciniki da lokacinsa, ga gargaɗi idan wa'adin magani ko madara ya kusa ƙarewa. Amma ba ta dace da kasuwar da ake taya farashi ba, ko wadda ake auna kaya da kwano. Kuma ko ita sai an riƙa ƙirga kaya da hannu lokaci-lokaci ana gwadawa da abin da ta ce, in ba haka ba kaya na fita ta ƙofar baya tana nuna suna nan.

Akanta kuwa ba sai an ɗauke shi aiki na dindindin ba. Ana iya yin yarjejeniya ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata ko wata uku. Sai dai abin da aka ba shi da shi zai yi aiki; ba ya ƙirƙiro lissafin da ba a rubuta ba.

| Hanya | Kuɗi | Karko | Sauƙi | Babban haɗari | Wani zai iya karantawa? |
|---|---|---|---|---|---|
| Riƙewa a ka da alat | Babu | Babu | Sosai | Mantuwa, gardama | A'a |
| Littafi da rasit | Kaɗan | Rauni, sai da hoto | Sosai | Wuta, ruwa, gara | E, in an bi ƙa'ida |
| Manhajar waya | Kyauta zuwa biyan wata | Mai kyau muddin kamfanin na nan | Matsakaici | Rufewar kamfani, rashin sabis | E, in tana fitar da fayil |
| Excel ko Sheets | Kaɗan, in akwai kwamfuta | Mai kyau | Sai wanda ya iya | Dogaro da mutum ɗaya | E |
| Kwamfutar kanti | Mai yawa | Mai kyau in ana kwafa | Sai an koya | Wuta, gyara | E |

Abu biyu da ba su cikin zaɓi

Ko wacce ka ɗauka, raba asusun shago da na aljihunka. Banki ko wata cibiyar ba da jari, irin su Bankin Masana'antu ko Jaiz da TAJ ga mai gudun kuɗin ruwa, bayanan asusu na watannin baya suke fara nema, kuma asusun da kuɗin makarantar yara da na ciniki suka cakuɗe ba ya nuna komai. Buɗe asusu da sunan kasuwanci na buƙatar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma na iya yin rajistar kamfani shi kaɗai. Masu tsoron rubutu saboda haraji su sani sababbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, amma da lissafin cinikin shekara ake tabbatar da cewa kamfani ƙarami ne.

Na biyu, ware rana ɗaya a shekara ta ƙidayar kaya gaba ɗaya. Zakkar kasuwanci, ɗaya bisa arba'in idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ba ta fita daidai sai an san darajar hajar da ke ƙasa da kuɗin da ke hannu da bashin da ake sa ran karɓa.

Wa ya dace da wanne

Mai shago ɗaya, shi da yaro ɗaya ko biyu, haja ba ta wuce 'yan iri ba: littattafai uku da rasit mai kabon da hoton kowace yamma. Ban ga dalilin wuce nan ba, kuma mafi yawan masu karanta wannan a nan suke. Haka mai sari da ke ba 'yan ƙauye kaya sai ranar kasuwa su kawo kuɗi. Shi littafin bashi mai sa hannu ya fi masa kowace manhaja, domin shi zai ajiye gaban shugabannin kasuwa ko kotun ƙananan basussuka, irin wadda Kano ta buɗe a 2019. Dokar shaida ta 2011 ta yarda da bayanan kwamfuta, amma da sharuɗɗa, kuma sa hannun mutum ya fi wuyar musu.

Hajiya mai sana'a a cikin gida, turare ko atamfa ko kayan kicin, wadda cinikinta duk ta waya ne: manhaja za ta yi miki daidai tunda wayar na hannunki dama, amma ki zaɓi mai fitar da fayil, ki riƙa fitarwa duk ƙarshen wata. Kayan da dillaliya ta ɗauka kuwa ki rubuta a littafi a gabanta.

Masu haɗin jari, ko wanda aka ba kuɗi ya juya a raba riba: littafi da rana, Google Sheets da kowa ke iya gani a wayarsa, da takardar yarjejeniya tun farko mai faɗin kason kowa a riba da yadda za a yi idan an faɗi. Mai shago biyu ko uku a wurare daban-daban, wanda ba ya iya zama a kowanne: manhajar biya mai ba kowane yaro lambarsa. Mai kemis ko kantin kayan masarufi da hajarsa ta kai ɗaruruwa kuma tana da wa'adi: kwamfutar kanti, amma ya fara tanadar wutar da za ta riƙe ta, ya kuma ci gaba da rubutu a littafi na wata biyu ko uku na farko har sai adadin biyun sun riƙa haɗuwa.